Saya wa Baba tsohuwar Fijo 504 da kuɗi kaɗan ba tare da ya sani ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Kace Baba ya taɓa yin farar Fijo 504 da ya saya da rancen mota lokacin yana aikin gwamnati, daga baya ya sayar da ita saboda kuɗin makarantarku, har gobe in ya ga irinta a titi sai ya bita da kallo. Kai kuma ka tara naira miliyan uku kana so ka nemo masa irinta ka bashi bazata nan da wata huɗu ranar da zai cika shekara 70, kana tambaya ko kuɗin zasu isa, a ina ake samu, me zaka duba, kuma yaya zaka yi kar ya sani. Gyaran Fijo shine sana'ata tun ina yaron gareji a Kaduna, don haka bari in baka amsa dalla dalla, ka yi haƙuri da tsawonta.

Zai yiwu, kuɗin zasu isa, amma da sharaɗi ɗaya: kar ka ɗauki miliyan ukun nan ka danƙa wa mai mota. Wannan shine inda mafi yawan mutane suke faɗawa rami, mutum ya ga mota tana ƙyalli ya zube duk abinda ke hannunsa, sati biyu ta fara zafi ko birki ya ƙi, babu kuɗin gyara, sai ta koma ƙarƙashin bishiya an rufe ta da tamfol. Ni shawarata kar kuɗin saye su wuce rabi, wato miliyan ɗaya da rabi har da la'adar dillali. Miliyan ɗaya ka ware wa gyara. Ragowar dubu ɗari biyar na takardu ne da abinda zai ɓullo daga baya, kuma wallahi sai ya ɓullo, babu motar da ta haura shekara ashirin da zata zo maka ba tare da wani ɓoyayyen ciwo ba. In mai mota ya kafe akan farashin da ya wuce rabin nan ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi, akwai wata a gaba.

Abinda ya taimake ka shine motar da Baba yake so. Da Marsandi ce irin ta da, da na ce ka ƙara haƙuri ka ƙara tari, don ita mota ce mai ƙarfi amma ƙaramin abu in ya lalace a jikinta kuɗinsa ba na wasa bane. 504 kuwa tamu ce. An fara yinta a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, su can sun daina yin salun ɗinta a 1983, amma mu nan kamfanin haɗa Fijo na PAN dake Kakuri a Kaduna, wanda aka kafa a 1972 ya fara haɗa motoci a 1975, ya cigaba da fitar da ita har wajen 2006, sama da guda dubu 400 aka haɗa a ƙasar nan. Zamanin mulkin Obasanjo na soja ita ce ta zama motar gwamnati, daga manyan sakatarori har gwamnoni ita ake shiga, ga ma'aikata da suka yi ta saye da rance bayan babban ƙarin albashin nan da ake kira Udoji. Amfanin wannan tarihin gareka shine har yau akwai kayanta a ƙasa, a Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Dilimi a Jos, Apo a Abuja, in abu ya gagara a aika Ladipo ko Nnewi, kuma injinta mai lita biyu irinsa ne a cikin Fijo 505 da yawa, har na bas ɗin J5 danginsa ne, don haka fistin da ringi da mital da gasket basa wahalar samu. Sannan babu garin da zaka je a arewa, har Maraɗi da Damagaram, ka rasa dattijon bakanike da ya san motar nan ciki da waje. Maganar a shigo da ita daga waje ma kar ka fara, doka ta ƙayyade shekarun motar da ake shigowa da ita, ga kuɗin jirgi da na kwastan da canjin kuɗi, su kaɗai sun cinye abinda ka tara. Kuma yanzu Turawa ma nemanta suke da tsada.

Kafin ka fita nema, ka tabbatar wace iri ce Baba ya yi, don 504 ba ɗaya bace. Akwai salun, akwai wagon mai layi uku da ake haya da ita, akwai akori-kura. A salun ɗin ma aji aji ne, akwai L da GL da GR da SR, sai Bestline ta ƙarshe ƙarshen nan. Akwai mai giya a jikin sitiyari cikin tsofaffin, akwai mai giyar ƙasa, akwai mai giya huɗu akwai mai biyar, inji kuma akwai 1.8 akwai 2.0, ga masu shan gas, wato dizal, amma su basu da yawa a nan. Ka nemo tsohon hoto a gida, galibi ba'a rasa wanda aka ɗauka ranar sallah yara sun jingina da mota, ka duba fitilun gaba, ka duba bamba, ka duba rubutun dake bayan but, ka tambayi Hajiya kalar kujeru. Amma kar ka tsananta wa kanka sai lallai shekararta ɗaya da ta Baba. In ka samu Bestline ko SR mai lafiyayyen jiki ta fi maka GL ɗin da ta ruɓe, siffar ɗaya ce, zama a ciki ɗaya ne, ƙarar inji ɗaya ce, kuma abinda Baba zai ji a ransa kenan in ya zauna ya murɗa makulli.

Wagon da akori-kura da suka yi haya ka barsu kawai. Motar da ta shekara da shekaru tana ɗaukar fasinja tara da buhuna a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri ta riga ta bada duk abinda take dashi, an yi mata walda akan walda.

Inda ake samun mai kyau ba a wajen masu sayar da motoci na bakin titi bane. Tana cikin gidaje, a unguwannin tsofaffin ma'aikata, gidajen malaman jami'a da suka yi ritaya irin su Samaru a Zariya, gidajen tsofaffin sojoji da alƙalai, harabar asibitocin mishan da makarantu, da motocin ma'aikatu da aka yi gwanjonsu. Hanya mafi sauƙi ka je wajen tsofaffin kanikawan Fijo ka zauna dasu ka sayi shayi ku sha, ka ce kana neman 504 ta gida wacce bata yi haya ba, su suka san gidan wane akwai wacce aka ajiye tun da maigidan ya daina tuƙi, kuma su suka san tarihinta don su suke gyarawa. Ka gaya wa direbobin tasha masu shekaru ma. Amma ka riƙe bakinka, kar ka ce kyauta zaka yi wa mahaifinka kuma kana da ranar da kake so, da zarar dillali ya gane zuciyarka ta riga ta kamu kuma kana sauri farashi ya tashi kenan. Ka ce mota kake so ta zirga zirgar cikin gari. Kuma ka fi neman wacce ta yi rayuwarta a arewa, tamu rana ce take cinta, dashbod ya tsage robobi su bushe fenti ya koɗe, duk wannan mai sauƙi ne. Wacce ta zauna Legas ko Fatakwal ruwa da iskar teku sun ci ƙarfenta daga ciki. Hoto a waya kuma baya sayar da mota, duk wanda ya ce ka turo kafin alƙalami kafin ka gani cinikin biri a sama yake so kuyi, kar ka tura ko sisi.

Yanzu ga inda nake so ka fi maida hankali, don nan ne kuɗinka zasu tsira ko su salwanta. A tsohuwar mota bodi kake saye, ba inji ba. Injin 504 ko ya buga ana sauke shi a gyara ko a sa wani cikin kwana kaɗan kuma kuɗin sananne ne. Amma bodin da tsatsa ta ci, ko wanda ya taɓa mummunan haɗari aka miƙe shi da wuta, ba ya ƙarewa, kullum kana wajen mai walda kuma ba zata taɓa tafiya daidai ba. 504 bata da shasi daban irin na babbar mota, jikin nata shine ƙashinta, in ya ruɓe komai ya ruɓe.

Ka je da rana tsaka, kar ka yarda da kallon magariba ko bayan an wanke ta tana jiƙe. Ka tafi da tocila, da sukundireba, da ɗan maganaɗisu irin na jikin tsohuwar sifika, da kayan da baka jin ƙyashin kwanciya a ƙasa dasu. Ka fara da ɗaga kafet ɗin ƙasa wajen ƙafar direba da na mai zaman banza, ɗagawa sosai har ka ga ƙarfe, ka danna da sukundireba. Ƙarfe mai lafiya zai yi ƙara ya tsaya, ruɓaɓɓe zaka ji yana ɓurɓushi ko ya lotsa, wani ma zaka tarar an shimfiɗa langa langa ko an liƙe da kwalta an rufe. Ka buɗe but ka fitar da komai ka duba kusurwoyi inda ruwa yake kwanciya. Ka buɗe bonet ka duba saman inda shokozoba na gaba suke ɗaure hagu da dama, in ka ga tsagewa ko sabuwar walda a wajen wannan babbar magana ce don nan ne nauyin gaban mota yake. Ka duba ƙarƙashin batir inda ruwan batir yake zuba ya ci ƙarfe, ka duba ƙasan gilashin gaba da na baya wajen roba, ka kwanta ka leƙa dogon ƙarfen dake ƙarƙashin ƙofofi da inda ake kafa jak. Sai ka ɗauki maganaɗisun ka naɗe shi a ƙyalle kar ya karce fenti ka bi jikin motar dashi, ƙofofi, fenda, bayan taya, inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki fila aka cika, wato ƙullun nan da ake cike lotsewar bodi dashi, aka yi fenti akai. Fila kaɗan ba laifi bane a motar wannan shekarun, amma in rabin ƙofa ko duk gefe ɗaya baya kamawa an taɓa daka ta. Ka buɗe ƙofofi huɗun ka rufe ɗaya bayan ɗaya, mai lafiya da ɗan turi take rufuwa, in sai an ɗaga ƙofa ko an buga da ƙarfi, ko ratar dake tsakanin ƙofa da bodi ta fi faɗi a sama akan ƙasa, jikin ya karkace. A ƙarshe ka ja baya ka tsuguna ka kalle ta daga gaba da baya akan fili mai daidai, ka ga ko ta kwanta gefe guda.

Ni motar da fentinta ya koɗe na asali ta fi kwanta min a rai akan wacce aka fesa wa sabon fenti satin da ya wuce. Mai koɗaɗɗen fenti bata ɓoye komai ba.

Sai inji. Ka ce wa mai mota kar ya tayar kafin ka zo, in ka isa ka ɗora hannu akan inji ka ji ko da sanyinsa, don inji mai zafi yana ɓoye abubuwa da yawa. Kafin a tayar ka zaro sandar awon baƙin mai, ka buɗe murfin da ake zuba shi ka leƙa, in ka ga ya yi fari fari kamar an zuba madara ruwa na haɗuwa da mai. Ka buɗe lagireto tun da sanyi, ka ga ko akwai maiƙo a saman ruwan. A tayar, ka bar murfin a buɗe ka kalla, in kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa gasket ya ƙone ko kan injin ya lanƙwashe. Wannan shine ciwon 504 na asali kuma ga dalili: kan injin na alminiyom ne, gangar jikin na baƙin ƙarfe, silindojin kuma silif ne da ake zarewa, ruwa yana zagaye su kai tsaye, a ƙasan kowanne akwai abin da ke tare ruwa kar ya gangara cikin mai. In motar ta yi zafi sosai ko sau ɗaya ne kan yana iya lanƙwashewa, in kuma bakaniken da bai san ta ba ya cire kan ya juya inji ba tare da ya danne silif ɗin ba, sun motsa kenan, bayan an ɗaure ruwa ya fara sauka cikin mai. Gyaruwa yake, amma ka san dashi ka rage a farashi. Ka koma bayan mota ka sa a taka totur, hayaƙi shuɗi ringi ne, baƙi kafireto ne yake bada mai da yawa kuma wannan ƙaramin aiki ne, fari mai kauri da baya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne. Ka saurari ƙasan inji, bugu mai nauyi kwas kwas da yake ƙaruwa in an taka mital ne ko karanshaf. Ƙarar kaca kaca daga gaba kuma yawanci sarkar taimin ce, ita da sarƙa take ba bel ba, wannan ma alheri ne. Ka tabbata kuma injin Fijo ne a ciki, akwai waɗanda aka dasa wa injin wata mota aka yanka nan aka ƙara can, irin wannan ta daina zama motar da Baba ya sani.

Ku fita gwaji kai da bakanikenka, naka fa, ba wanda mai mota ko dillali ya kawo ba, ka biya shi kuɗin yininsa. Ku yi tafiyar da zata kai inji ya yi zafi sosai, ku shiga cunkoso ku tsaya ku ga allurar zafi, in allurar bata aiki ka ɗauka da gangan aka barta har sai an tabbatar maka ba haka bane. Ku shiga kowace giya, a kowacce ka taka ka saki totur ka ga ko zata fita da kanta. Ka saurari baya, kuka mai tashi da gudu aksul ne. Ka saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki ka ji ko yana nutsewa a hankali. Ku bi hanya mai gargada kuma, nan ne 504 take nuna kanta, ba banza ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 ba, mai lafiya lumui zata wuce, in tana ƙara gwaf gwaf ko tana rawa bayan rami ƙafafunta na son aiki.

In kuwa wacce aka ajiye shekaru ce ba'a tayarwa, kar ka bari kowa ya kawo batir ya ce bari mu gwada. A cire fulogi a ɗiga mai a silinda a barshi ya kwana, a juya injin da sifana a ji ko yana juyawa, a zubar da tsohon fetur a wanke tanki, a canja baƙin mai da filta, sannan a tayar. Injuna da yawa masu lafiya a minti biyar na farkon nan ake kashe su.

Takardu. Wannan ya kai bodi muhimmanci ko ya fi, don mota mara takarda ko kyauta aka baka fitina ce, kuma ba zaka so a tare dattijo ɗan shekara 70 a shingen ƴan sanda ana masa tambayar da bai san amsarta ba. Ka ga takardar shedar mallaka da lasin mota ko da ya daɗe da ƙarewa, ka karanta lambar shasi da ta inji a jikin takarda ka je ka gansu da idonka a jikin ƙarfe cikin gidan inji, harafi da harafi, in wajen ya nuna an goge ko an sake bugawa ka haƙura. In an taɓa canja inji a baka rasit ɗinsa. In ta gwanjon gwamnati ce a baka takardar gwanjon da sunan wanda aka sayar wa. Wacce aka haɗa a Kaduna bata da maganar kwastan, wacce aka shigo da ita kuwa sai da takardar kwastan. Sunan dake takarda ya zama na mai sayarwa, in ba haka ba a nuna maka yadda ta zo hannunsa. Sai babbar matsalar da ta fi yawa a irin waɗannan motocin, gado. Da yawansu masu su sun rasu, ɗa ɗaya ne zai fito ya ce zai sayar alhali ba'a raba gado ba, akwai matan mamaci akwai marayu a ciki. Kar ka saya sai magada sun yarda a rubuce ko an nuna maka takardar rabon gado daga kotu da ta nuna motar ta faɗo a kasonsa, banda rigimar da zata biyo baya akwai haƙƙi, kuma ba zaka so ka bai wa mahaifinka abinda haƙƙin maraya ke ciki ba. Ku rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu, da hoton katin shedar mai sayarwa, ka biya ta banki. Daga nan a duba ta a rajistar motoci ta ƴan sanda a tabbatar ba'a taɓa kai rahoton sata ba, sai ofishin lasin don canjin mallaka, in lambar tsohon yayi ce a sake sabuwa, a yi takardar lafiyar mota ta VIO, a yi inshora, wacce ake cewa ta ɓangare na uku ta koma naira dubu 15 tun Janairun 2023, ka yi ta gaske a kamfani mai rajista ba ta bakin ofis ba. Tunda bazata ce, ka yi cinikin da sunanka, bayan ka miƙa masa ku je tare a maida sunansa, kar ka sa hannu a madadinsa.

Wajen gyara ka bi tsari, kar ka fara da abinda ido ke gani. Birki farko, gaba ɗaya, masta da robobin birki da tiyo da man birki sabo, don man birki yana shan danshi in ya daɗe kuma robobin sun bushe ko da motar bata tafiya. Sai taya huɗu sababbi, ba na gwanjo ba, ka karanta lamba huɗun dake gefen taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 1523 na nufin sati na 15 a 2023, tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba fashewa take a zafin kwalta. Sai ruwa, a wanke lagireto ko a canja, duk tiyon ruwa sababbi, famfon ruwa, bel ɗin fanka, a gyara allurar zafi. Sai tiyon fetur daga tanki har kafireto, wannan kar a yi jayayya akai, tsohon tiyo mai tsagewa kusa da inji mai zafi shine yake ƙona irin waɗannan motocin. Sai mai wayarin ya bi wayoyi ya cire duk ƙulle ƙullen da aka yi da salatif, ya maida fis na gaske inda aka ɗaura waya. Kontak da kwandensa da fulogi da wanke kafireto ƙananan kuɗi ne amma su suke sa ta tashi bugu ɗaya. Bayan nan bushin da shokozoba. In kuɗi sun rage sannan a je ga kujeru da fenti, in basu rage ba a wanke ta a goge da folish, a bar fenti zuwa baɗi. Kuma dan Allah kar a sa mata manyan rim da baƙin gilas da fitilu masu walƙiya, a barta yadda take, in ka samu wil kaf na asali da tambarin zakin nan a Panteka ka saya, su Baba zai fara gani. Kar ka bai wa bakanike kuɗi dunƙule, ku sayo kaya tare ka biya kuɗin aiki kashi kashi.

Maganar bazata kuma, ni ina ganin ka ɓoye wa Baba amma kar ka ɓoye wa Hajiya. Ita ta san abinda kai baka sani ba, ko idonsa yana gani sosai da yamma, ko gwiwarsa zata iya taka kuloci, ko likita ya hana shi tuƙi, ko ma ya taɓa cewa shi ya gama da mota. Da yawan 504 basu da pawa sitiyari, juya ta a tsaye sai da ƙarfin hannu, in shekaru sun ja sai ka nemi mai pawa ko ka shirya wanda zai riƙa tuƙa shi cikin ƙannenka. Ka bincika lasin tuƙinsa ko yana da rai. Ka sani kuma mota ce ta zamanin da, babu jakar iska babu birkin zamani, a tabbatar bel ɗin kujera yana aiki, kuma ta zama ta masallacin Juma'a da zumunci da gona, ba ta tafiyar dare a babbar hanya ba. Yayyenka da ƙannenka ma ka sanar da manyan cikinsu, in da mai son sa hannu ko da kuɗin taya ne ka karɓa, ya fi a wayi gari wani ya ji an ware shi. Sai mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 fetur ya zama abinda ya zama, ita kuma ko tana da lafiya tana shan wajen lita 10 zuwa 12 a kilomita 100, cikin gari ta fi haka, mai fansho ba zai iya da wannan shi kaɗai ba. In zaka bashi mota ka ɗaukar wa kanka cewa duk wata akwai abinda zaka riƙa turawa na mai da sabis, kuma ka haɗa shi da bakaniken da ya gyara ta, lissafin ya riƙa zuwa wajenka. In ba haka ba ka ɗora masa nauyi ne, kuma irin iyayenmu ba zai taɓa buɗe baki ya ce maka babu mai ba, sai dai ka ga motar a ajiye.

Ka ajiye ta a garejin da ba na unguwarku ba, kanikawa da ƴan majalisa basa riƙe magana. Ka sa a gama aiki aƙalla sati biyu kafin ranar, ka riƙa hawanta da kanka kullum a wani ɓangaren gari, duk abinda zai lalace ya lalace a hannunka. Ranar kuma a bi a hankali, in yana da hawan jini kar a tara masa jama'a da ihu da kyamara a fuska, Hajiya ta ɗan shirya masa zuciya tukuna cewa yara sun zo da wani abu a waje. A cika tanki, takardu a cikin aljihun dashbod, safaya da jak da sifanar taya da galan ɗin ruwa da abin kashe gobara a but, da bel ɗin fanka da kontak na ajiya. In wata huɗun ya cika baka samu mai kyau ba kar ka sayi ruɓaɓɓiya don cika rana, ka yi masa wata kyautar ka cigaba da nema, ko sallah ce ta zo sai a bashi.

In ka samu wacce ta kwanta maka, kafin ka biya ka ɗauko hoton ƙasan kafet ta ɓangaren direba, cikin but bayan an kwashe kaya, saman shokozoba biyun nan, lambar shasi a jikin ƙarfe da ta takarda, da ɗan bidiyon tayar da ita da sanyin safiya wanda ya kama salansa, ka turo min in duba maka.